Danna Sifili, Baba

Shekara ashirin da uku ta yi a kan kujera ɗaya, a bakin ƙofar ofishin masu auna filaye, tsakanin kabad ɗin taswirori da wata taga da ba ta taɓa rufuwa daidai ba. Sunanta na yanka yana nan cikin fayil, amma ba mai kiran ta da shi. Daga Manaja har direba, Anti Halo kowa yake cewa, domin tun safe har a tashi abin da ake jin bakinta yana faɗa ke nan. Ita ce mai ɗaukar waya. Wanda bai san aikin ba zai ce ai zama ne kawai da ɗaga hannu. To, ya zo ya gwada yini ɗaya mu gani.

Masu kiran ofishin auna fili ba don daɗi suke kira ba. Wannan maƙwabci ya matsar masa da dutsen iyaka taku biyu, wancan an raba musu fili ya ga kamar na ƙanensa ya fi faɗi, wata kuma wata uku ke nan tana jiran taswira. Kowa da zafinsa yake zuwa, ita kuwa ta san maganinsu. Sai ta bar mutum ya gama gaisuwarsa, ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi mai jiki idan ta tuna wancan karon ya ce matarsa tana kwance. Kafin a iso kan dutsen iyaka, rabin wutar ta mutu. Mai zanen taswira, wani dattijo mai tsokana da teburinsa ke bayan nata, yakan ce da za a tura Anti Halo fagen yaƙi da waya a hannu, da sojoji sun koma gida noma.

Ita ce 'yar fari a gidansu. Ta yi aure, ta haifi biyu, mijin ya rasu, yaran suka girma kowa ya kama gabansa, kujerar nan dai tana inda take. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, shekara arba'in yana sunkuye a kan ɗan teburinsa da gilashi maƙale a ido ɗaya. Tana ƙarama ba ta iya zama wuri guda, shi ya sa ya raɗa mata suna Sakan, wai kamar siririn hannun agogon nan da ba ya hutawa. Ranar da ta kama aiki ta rubuta masa lambar ofis a bayan kwalin batir, ya haddace ta, kuma tun daga ranar duk ƙarfe goma na safe sai ya kira. Da farko don alfahari ne, maƙwabtan shago su ji 'yarsa tana ofis mai waya. Daga baya abin ya zame masa jiki.

Ido ne ya fara tafiya, sannan tunani ya bi bayansa. Baba ya koma gidan ƙanenta a can ƙarshen gari, inda sai an hau mota biyu, matar ƙanen ce take kula da shi, wadda har yau Amarya ake ce mata duk da 'ya'ya huɗu. Idan Anti Halo ta je ranar Asabar ta durƙusa ta gaishe shi, wani lokaci ya ɗauke ta ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa, wani lokaci ya ɗauke ta mai kawo gyara, ya ce mata cikin ladabi, “Agogonki bai gyaru ba, ki dawo jibi.” Idan ta kira shi da wayarta ta hannu ma haka zai ce. Amma akwai wani tsohon agogon bango a ɗakinsa, wanda shi da kansa ya tashe shi daga mutuwa. Da zarar ya buga goma, Baba zai ƙirga bugun a fili, ya lalubo wayarsa mai maɓallai, yatsunsa su bi lambar nan da kansu ba tare da sun nemi shawarar kai ba.

“Halo, ofishin auna filaye.”

“Sakan, kin tashi lafiya?”

“Lafiya lau, Baba. Ya ƙarfin jiki?”

“Jiki da godiya. Ya yara? Ya aiki? Ya mutanen ofis? Agogonku daidai yake?”

“Daidai yake, Baba.”

“To, ki riƙe aikinki. Allah ya yi miki albarka.”

Minti biyu ne, wani lokaci ma bai kai ba. Amma a cikin yini guda, waɗannan mintuna biyu ne kaɗai take da uban da ya san ita 'yarsa ce. Ba ta taɓa faɗa wa kowa haka ba, sai dai duk ofishin sun san idan goma ta kusa ba a aiken Anti Halo ko nan da ƙofa.

Ana nan, wata Litinin Manaja ya dawo daga taron hedikwata da sabuwar magana a bakinsa, wai kowane reshe sai ya zama ofishin zamani, za a sa na'urar amsa kira. Ranar Laraba da rana injiniya ya iso da kwali a hamata, saurayi mai sauri, ya ce akwai ofisoshi huɗu da ke jiran sa. Ya cire tsohuwar wayar da kanta ya koɗe saboda riƙo, ya ajiye wata ruwan toka mai maɓallai kamar haƙoran masara da ɗan allo a goshi, ya ɗaure wani akwati a ƙarƙashin teburin. Sannan ya yi bayani a tsaye. Mai kira zai ji sallama, a ce masa ya danna ɗaya don awo, biyu don taswira, uku don Manaja, sifili don mai ɗaukar waya. Saura a samu muryar da za a naɗa.

“Muryar wa kuwa, in ba ta Anti ba?” in ji Manaja.

Gaskiya dai a faɗe ta, abin ya yi mata daɗi. Shekara ashirin da uku ba wanda ya taɓa cewa muryarta abin adanawa ce. Ta gyara zama, ta gyara ɗankwali kamar hoto za a ɗauka, ta karanta takardar da aka ba ta da irin muryar da ta saba. Manaja ya girgiza kai.

“Anti, ba hira za ki yi da su ba. Cire dariyar nan daga muryarki. Kuma ban da jan magana.”

Ta sake. Ta kuma sake. Sau tara ana naɗa ana gogewa, kowane karo ana aske wani abu, har aka samu wata murya miƙaƙƙiya, sanyi ƙalau, wadda ita kanta da ta ji ta sai da ta ɗan tsorata. Manaja ya ce yauwa, yanzu aka yi ofis. Injiniya ya ce a sa lambar sirri ta akwatin saƙo. Manaja ya kare maɓallan da tafin hannu kamar mai buɗe taskar banki, ya danna lambobi huɗu, bai rubuta ko'ina ba, wayarsa ta hannu ta yi ƙara ya fita.

Injiniya yana naɗe igiyoyinsa ya waiwayo. “Mama, idan mutum bai danna komai ba fa? Ya dawo teburinki, ko ya faɗa akwatin saƙo? Akwatin sakan talatin yake ba mutum.”

Ita lokacin kunnenta yana kan muryarta, tana so a sake kunna mata. “Yadda ka ga ya fi, ɗana,” in ji ta. Ba wai Baba bai faɗo mata a rai ba. Ya faɗo. Sai ta ce a zuciyarta ai abu mai sauƙi ne, goma na yi hannuna yana kan waya, kafin na'ura ta buɗe baki na ɗauka. Injiniya ya zaɓi akwatin saƙo, don shi ne bai buƙatar ƙarin danne-danne, ya ɗauki kwalinsa ya yi gaba.

Washegari goma saura biyar hannunta yana kan waya. Goma ta yi. Wayar ba ta yi ƙara ba. Ɗan allon ne kawai ya yi haske, lambar Baba ta fito a kai. Ta ɗaga kan wayar da sauri, ba ta ji komai ba sai ƙugin layi. Ta danna wannan, ta danna wancan, ta ce halo har sau huɗu. Ashe na'urar ba ta jiran kowa, tun kafin kira ya iso teburi ta riga ta tare shi a hanya. Lambar ta zauna a allon minti ɗaya da 'yan kai, sannan ta ɓace, wata 'yar fitila ja ta fara ƙiftawa a gefe.

“Yau tsohon namu ya makara ne?” in ji mai zanen taswira daga baya.

Ta ajiye kan wayar, ta ɗauki ta hannu. Ta kira Amarya.

“Yaya, wallahi ya kira,” in ji Amarya. “Ina jin ku daga tsakar gida. Yana ta gaishe ki, ke kuma kina ta lissafa masa ɗaya, biyu, uku. Yanzu ga shi can ya juya wa bango fuska, ko shayinsa bai taɓa ba.”

Ta miƙe. Ta shiga wurin Manaja ba tare da ta ƙwanƙwasa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Manaja ba mugu ba ne, mutum ne dai da yake tsoron hedikwata fiye da yadda yake tsoron kura. Ya taso ya zo ya gwada buɗe akwatin saƙon. Ya sa shekarar haihuwarsa, na'ura ta ƙi. Ya sa lambar motarsa, ta ƙi. Ya sa wata, sai allon ya rubuta cewa an kulle. Ya share gumi ya ce gyaran tsari sai injiniya, injiniya kuma sai hedikwata ta turo shi, don haka a rubuta takarda.

“Amma kada ki sa maganar Baba a ciki, Anti. Kiran gida a layin ofis ai laifi ne, kawar da kai kawai nake yi.”

Ta rubuta takarda, ba Baba a ciki, sai ta zama takarda marar gaggawa. Ta nemo lambar kamfanin injiniyan a jikin akwatin ta kira, wata murya mai sanyi ta ce mata ta danna ɗaya. Ta danna, aka sa mata kiɗa na minti ashirin, layin ya yanke. Ranar Juma'a, da ta ga ba sarki sai Allah, ta durƙusa ƙarƙashin tebur goma saura kwata ta zare igiyar akwatin. Duk wayoyin ofishin suka mutu lokaci guda, har da ta Manaja yana tsakiyar magana da hedikwata. Sai da ita da mai zanen taswira suka yi rabin awa a durƙushe kafin suka gano ramin da igiyar ta fito, goma kuwa ta wuce su suna ƙasa.

Ranar Asabar ta hau motocinta biyu da dabara a jaka. Ta yanki ɗan filasta ta manna a kan sifilin wayar Baba, yadda yatsa zai ji tudunsa. Ta zauna a gefen katifarsa, ta kama yatsansa ta ɗora.

“Baba, idan ka kira ka ji ana magana, nan za ka danna. Sau ɗaya kawai. Danna sifili, Baba, sai Sakan ta ɗauka.”

Ya shafa filastar, ya ɓata fuska. “Wa ya lalata mini waya?” Ta sake bayani a hankali, har sau uku. Ya saurare ta da haƙurin da yake yi wa masu kawo gyara, sannan ya ce, “Baiwar Allah, mutum yana magana sai a danna masa ƙarfe a kunne? Ba a katse mai magana. In ya gama, ai zai amsa.”

Ranar Litinin suka haɗa baki da Amarya. Baba yana gama danna lambar, Amarya ta zare wayar daga hannunsa, ta danna sifili, ta mayar masa. A karo na farko sabuwar wayar ta yi ƙara da ƙarfe goma. Anti Halo ta fizge ta har tana ture kofin biro.

“Baba! Ni ce, Sakan ce! Lafiya lau na tashi, Baba!”

Wayar ta bar hannunsa ta dawo, don haka a wurinsa ba kiransa ba ne, wani ne ya kira shi. “Agogonki bai gyaru ba,” in ji shi. “Ki dawo jibi.”

Daga nan dabara ta ƙare mata. Abin da ya rage shi ne kallo. Kullum goma na yi allon zai yi haske, lambar ta fito, ta zauna tana kallon ta, ta san a daidai wannan lokacin muryarta tana can tana yi wa ubanta lissafi, shi kuma yana jira ta gama. Tun tana yin shiru har ta fara amsa wa allon a hankali, lafiya lau Baba, yara suna lafiya, daidai yake. Mai zanen taswira ya daina tsokana. Goma saura biyar sai ya tuna yana da abin dubawa a waje. Duk ranar Laraba takan tambayi Manaja labarin takarda, shi kuma ya ce tana kan tebur a hedikwata, kamar teburin wani gari ne da ba a zuwa. Ta rame. Masu kira da suka dace da sifili suka fara tambaya ko an canja mai ɗaukar waya ne. Tsanar muryar nan ta kama ta, ga shi kuwa tata ce, ba wanda za ta kai ƙara.

A rana ta ashirin ta aiki, goma ta yi, allon bai yi haske ba. Ta duba agogon bango, ta duba na hannunta. Washegari ma haka.

Sai a mako na shida injiniya ya dawo, da saurinsa kamar kullum. Ko zama bai yi ba. Ya danna wasu maɓallai, ya buɗe akwatin, ya sa sabuwar lambar sirri, wannan karon ita ta zaɓa. Da ta gaya masa abin da take so, ya ƙara danna maɓallai uku ya ce shi ke nan, duk wanda bai danna komai ba yanzu teburinta zai dawo. Duka-duka aikin bai kai minti biyu ba.

“Ai Mama da kin faɗa tun ranar,” in ji shi.

Me za ta ce? Da-na-sani ƙeya ce.

Saƙo sittin da huɗu ne a akwatin. Da aka tashi cin abincin rana ofis ya yi shiru, ta ɗora kan wayar a kunne ta fara bi. Yawancinsu masu filaye ne, wasu zagi, wasu kuma sun yi sallama sun tsaya jiran amsa har lokacinsu ya ƙare ba su faɗi abin da ya kawo su ba. Na Baba goma sha bakwai ne, ta ware su da lambarsa.

Na farko: “Sakan, kin tashi lafiya?” Sai numfashinsa, yana jira. “Sakan?” Sai ƙit, na'ura ta yanke.

Na biyar: “Na san aiki ne ya yi miki yawa. Ba komai. Ya yara? Ya mutanen ofis?” Ya bar mata gurbin amsa bayan kowace tambaya, gurbin ya cinye lokacin.

Na goma sha ɗaya, muryar ta yi ƙasa: “In wani laifi na yi miki, ni ban tuna ba, kin san kan nawa yanzu. Ki yi haƙuri. Ko me ne ne, ki…” Ƙit.

Ta ajiye wayar, ta kifa kai a kan tebur, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Da ta samu kanta ta goge fuska da gefen mayafi ta kunna na ƙarshe.

“Sakan, kin tashi lafiya?” Ya jira kamar kullum. Sannan ya ce, a natse, da muryarsa ta da, ta mutumin da ya san abin da yake faɗa: “Ba sai kin amsa ba. Na ji muryarki, lafiya kike, ya ishe ni. Ba zan ƙara damun ki a wurin aiki ba. Ki riƙe aikinki. Allah ya yi miki…”

Sakan talatin suka cika.

Da yamma ta kira Amarya ta ce an gyara, gobe don Allah goma na yi ta tabbatar wayar tana kusa da hannunsa, kada ta taɓa komai, kada ta ce komai. Washegari ta zo ofis tun kafin mai shara. Ta goge wayar, ta matsar da kofin biro, goma saura biyar ta ɗora hannu. Goma ta yi, ta wuce da biyar, ta wuce da goma. Sai wayarta ta hannu ce ta yi ƙara.

“Yaya,” in ji Amarya, “agogo ya buga, ya ƙirga har goma. Ya ɗauki wayar, ya ɗora yatsunsa a kai, ya daɗe a haka. Sai ya ajiye. Na kasa haƙuri na ce Baba ba za ka kira Sakan ba? Ya ce tana aiki, kada a dame ta.”

Baba yana nan da ransa, yana cin abincinsa, ranar Asabar yana ce mata ta dawo jibi. Ita ma tana nan a kan kujerarta, kuma yanzu duk wanda ya yi shiru bai danna komai ba wurinta yake faɗowa, ta bar shi ya gama gaisuwarsa. Har yau ba a aiken ta idan goma ta kusa. Takan jira minti biyar da hannu a kan waya, sannan ta danna lambar sirrinta ta nemo saƙon nan na ƙarshe. Idan ya tambaye ta ko ta tashi lafiya, ta amsa masa a cikin gurbin da ya bar mata. Idan na'ura ta yanke shi kafin ya ƙarasa, ta ce amin.